Wuta Ba Ƙarfi, Amma Firij Ya Ƙone: Lissafin da Ke Cikin Waya

Akwai abin da yake ɗaure wa mutane kai a unguwanninmu. Za a kawo wuta da daddare, ƙwan fitila ya yi ja-ja, fanka tana juyawa da ƙyar har kana iya ƙirga fukafukanta, dutsen guga ya ƙi yin zafi. Kowa ya yarda wutar ba ta da ƙarfi. Amma da gari ya waye sai ka ji maƙwabci yana cewa firij ɗinsa ya ƙone, wani kuma ya ce injin da ke jawo masa ruwan burtsatse ne ya tafi. To ta yaya wutar da ta kasa haska ɗaki za ta ƙona inji? Wasu kan ce ai cikin dare aka ƙaro ta da ƙarfi muna barci. Hakan yana faruwa, amma sau da yawa raunin nata ne da kansa ya yi ɓarnar.

Abubuwa huɗu ne suke aiki a cikin waya, kowanne da ma'auninsa, mu kuwa mun cure su wuri guda. Sai an warware su ɗaya bayan ɗaya sannan amsar take fitowa.

A ɗauki tankin ruwa da aka ɗora a saman gini, aka jawo bututu zuwa ƙasa. Gwargwadon tsayin inda tankin yake, gwargwadon yadda ruwan zai riƙa matso bututun yana neman fita. Wannan matsin shi ne boltej, ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da yake wucewa ta bututun a kowace daƙiƙa shi ne kwarara, ita kuma ana auna ta da amfiya. Ƙuncin bututun, da tsawonsa, da duk wani datti da ya maƙale a ciki yana tare hanya, su ne turjiya, ma'auninta om. Ko famfo yana rufe matsin yana nan, sai dai ba abin da ke wucewa. Haka soket ɗin bangon ɗakinka yake: bolt 230 suna nan suna jira dare da rana, amma kwarara ba ta samuwa sai an jona wani abu. Inda wuta ta sha bamban da ruwa shi ne ita ba ta zuba a ƙasa ta tafi. Dole ta fita ta waya ɗaya, ta ratsa kayan da aka jona, ta koma ta ɗaya wayar zuwa inda ta fito. Da zarar da'irar ta yanke, komai ya tsaya, kuma aikin makunni ke nan. Shi ya sa tsuntsu yake zama a kan wayar da ke ɗauke da dubban bolt bai ji komai ba. Ƙafafunsa biyu a kan waya guda suke, babu bambancin matsi a tsakaninsu, saboda haka babu abin da zai tura wuta ta cikin jikinsa.

Sunayen ma'aunan duk na mutane ne. Bolt daga Alessandro Volta ɗan Italiya, wanda ya haɗa batir na farko a 1800. Amfiya daga André-Marie Ampère ɗan Faransa. Wanda ya ɗaure ukun wuri guda kuwa wani malamin makaranta ne a birnin Kolon na Jamus, Georg Simon Ohm, ɗan maƙerin makullai, wanda ya riƙa gwada wayoyi masu tsawo da kauri daban-daban har ya wallafa sakamakonsa a 1827. Manyan masanan ƙasarsa ba su karɓi aikin hannu biyu ba a lokacin. Sai a 1841 aka karrama shi da babbar lambar yabo ta kimiyya a Landan. Abin da ya gano gajere ne: ka raba boltej da turjiya, abin da ya fito shi ne kwarara. Bolt 230 a kan turjiyar om 23 zai ba da amfiya 10. In turjiyar ta koma om 46, kwararar ta dawo amfiya 5. In kuma aka bar turjiyar yadda take aka rage boltej da rabi, kwararar ma ta ragu da rabi.

Abin lura a nan, ba kamfanin wuta ne yake yanke yawan amfiyar da za ta shiga gidanka ba. Shi boltej kawai yake kawo maka bakin mita. Kayan da ka jona su suke jan kwarara, kowanne gwargwadon turjiyarsa.

Na huɗun shi ne ƙarfin aiki, wato saurin da kaya yake mayar da wuta zafi ko haske ko motsi. Ma'auninsa wat, sunan James Watt na Sikotlan. Lissafinsa shi ma mai sauƙi ne: bolt sau amfiya. Juya dutsen gugarka ka duba ƙaramar takardar da ke manne a gindinsa. In an rubuta wat 1000, raba da 230, za ka samu amfiya 4.3. Turjiyar wayar da ke naɗe a cikinsa kuma kimanin om 53 ce. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 amfiya 0.26 kacal yake ja, turjiyarsa in ya yi zafi ta kusa om 880. Mutane da yawa suna ɗauka kayan da ya fi zafi shi ya fi turjiya, alhali akasin haka ne. A kan boltej guda, kayan da turjiyarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi buɗe wa wuta hanya, shi ya fi ja, shi ya fi cin kuɗi. Yunit ɗin da mita take zaftarewa kuwa wat ne aka haɗa da lokaci: wat 1000 na awa guda shi ne yunit ɗaya. Ƙwai mai wat 60 da ke kunne awa 10 kullum zai ci yunit 18 a wata, na zamani mai wat 9 kuma yunit 2.7, ga haske kusan ɗaya.

Yanzu mun zo wurin da nake ganin ya kamata kowane mai gida ya tsaya, domin a nan gobara take, a nan kuma ƙonewar inji take. Ba kayan da aka jona ne kaɗai ke da turjiya ba. Wayar da ta kawo wutar ita ma tana da tata, komai kyanta. Duk inda kwarara ta ratsa turjiya kuwa sai an samu zafi. James Prescott Joule, wani matashi a Manchester ta Ingila, shi ya auna wannan a farkon shekarun 1840. Yakan tsoma naɗaɗɗiyar waya cikin ruwa, ya saki wuta, ya duba yadda ruwan yake ɗumama. Ya gano cewa zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kwarara, tsalle yake yi. Ana ninka amfiyar da kanta ne, sannan a ninka da turjiya. In kwarara ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. In ta ninka uku, zafi ya ninka tara. In ta ninka goma, zafi ya ninka ɗari.

Ga misali da lambobi. Wayar jan ƙarfe mai kauri 2.5 (ana auna kaurin waya da murabba'in milimita), irin wadda masu wayarin suke sa wa soket, tana da turjiyar kimanin om 7.4 a kowace kilomita. A ce mutum ya jawo wuta da ita daga turke zuwa shagonsa, nisan mita 100. Zuwa da dawowa mita 200 ke nan, turjiya kusan om 1.5. In yana jan amfiya 10, bolt 15 za su zube a hanya, wat 150 kuma su tashi a zafi cikin wayar. In ya ƙaro firiza da hita ya kai amfiya 20, bolt 30 ne za su zube, zafin kuma ya koma wat 600. Kaya ya ninka sau biyu, wayar tana shan zafi sau huɗu, kuma kuɗin wannan zafin in ya bi ta mita shi zai biya.

Wannan lissafin ne ya tsara yadda ake rarraba wuta a duniya baki ɗaya. Lokacin da Thomas Edison ya buɗe tasharsa a titin Pearl na New York a 1882, bolt 110 yake bayarwa, kuma wutar ba ta iya wuce kimanin mil guda ba tare da ta raunana ba. Dalili a fili yake. Tun da wat shi ne bolt sau amfiya, in boltej ƙarami ne dole amfiya ta yi yawa kafin a isar da wuta mai yawa, amfiya mai yawa kuma zafi ce a hanya. Mafita ita ce a ɗaga boltej sama sosai don kwarara ta ragu, in an isa gari a sauko da shi. Taransifoma ce ke wannan aiki, ita kuwa ba ta aiki sai da wuta mai kai-komo, wato wadda take sauya alkibla gaba da baya cikin waya sau da yawa a kowace daƙiƙa, irin wadda George Westinghouse da Nikola Tesla suka tsaya a kai. A 1896 aka tura wuta daga Niagara zuwa birnin Buffalo da wannan tsari, daga nan duniya ta bi. Wutar da ke fitowa daga Kainji da Jebba da Shiroro a kan bolt 330,000 take tafiya cikin manyan wayoyin nan da ke ratsa daji. In ta iso irin tashar Mando a Kaduna ko Kumbotso a Kano sai a sauke ta zuwa 132,000, sannan 33,000, sannan 11,000, har taransifomar unguwa ta mayar da ita 230 da ke shiga gida. Da a ce a kan 11,000 za a turo ta tun daga Shiroro cikin wayoyin nan, kwarara za ta ninka 30, asarar hanya kuma ta ninka 900. Ba abin da zai iso.

To me ke kawo raunin wuta a unguwa? Yawanci lissafin shagon nan ne, sai dai a babban sikeli. Taransifomar da aka kafa don gida ɗari yanzu gida ɗari uku ne a kanta, ga masu walda, ga masu niƙa. Wayoyin kan turke sun tsufa, an yi musu ɗauri a wurare da dama, an kuma ja su nesa fiye da ƙima. Da magariba kowa ya kunna kayansa, kwarara ta ƙaru, boltej ya zube a hanya. Gidan da ke gindin taransifoma zai iya samun 220, na ƙarshen layi kuma 160 ko ƙasa da haka. Shi ya sa wutar takan yi kyau da tsakar dare in mutane sun kashe kaya.

Kayan gida kuma ba iri ɗaya suke karɓar wannan rauni ba. Dutsen guga da hita da tsohon ƙwai turjiya ce zalla a cikinsu. In boltej ya sauka, kwarara ta sauka tare da shi, aikin ya ragu ta fuska biyu. Dutsen gugan nan mai wat 1000, a kan bolt 160 bai kai wat 500 yake bayarwa ba. Ba zai goge kaya da kyau ba, amma ba abin da zai same shi. Inji mai juyawa kuwa, irin kwamfiresar firij da na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa, halinsa daban. Nauyin da aka ɗora masa bai ragu ba don wuta ta yi rauni. Ruwan da zai hauro da shi daga ƙarƙashin ƙasa yana nan da nauyinsa. Tun da aikin da ake nema a wurinsa bai canza ba, boltej kuma ya ragu, abin da ya rage masa shi ne ya ƙara jan amfiya. A lissafi na sama-sama, injin da ke jan amfiya 3.3 a kan bolt 230 zai nemi 4.7 a kan 160. Ƙarin bai kai rabi ba, amma in aka ninka da kansa, zafin da ke cikin kwail ya ninka biyu. Siririn fentin da ya raba zaren kwail da ɗan'uwansa zai yi ta gasuwa har ya narke, zare ya taɓa zare, sai wari ya tashi. Mafi muni shi ne lokacin tashi. Inji yakan ja ninki biyar ko fiye na kwararar da ya saba a daidai lokacin da zai fara juyawa. In boltej bai isa ya tayar da shi ba, sai ya tsaya yana gurnani yana shan wannan kwarara mai yawa. Duk wanda ya taɓa jin firij yana "ƙyas" ya yi ƙugi na ɗan lokaci ya sake "ƙyas", ya ji na'urar kariyarsa tana yanke wuta tana mayarwa. In aka bar shi haka dare guda, da safe sai wurin mai gyara. A irin wannan dare, zare fulogin firij ya fi barinsa.

Sitabilaiza tana taimako, amma ya kamata a san abin da take yi. Ba ta ƙirƙirar wuta. Taransifoma ce ƙarama: tana ɗaga maka boltej ta hanyar jan ƙarin amfiya daga layi. Kai ka samu sauƙi, layin unguwa ya ƙara ɗaukar nauyi, boltej ɗin maƙwabta ya ƙara zubewa, su ma su je su sayo tasu. Ban ga laifin wanda ya saya don kare kayansa ba, amma maganin gaskiya yana kan turke: ƙarin taransifoma, wayoyi masu kauri, da raba gidaje daidai a kan layuka ukun da ke fitowa daga taransifoma.

Cikin gida kuwa, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne waya ta bogi da sakakken ɗauri. Akwai wayoyi a kasuwa da aka rubuta 2.5 a jikin robarsu, in ka feɗe sai ka tarar zaren ciki bai kai ba. Akwai kuma waɗanda alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, in ka kankara da wuƙa sai fari ya bayyana. Alminiyam mai kauri ɗaya da jan ƙarfe ya fi shi turjiya da fiye da rabi. Mai gini ya ga ya rage kuɗi, bai san ya binne hita a cikin bango da silin ba. Ƙa'idar da masu aikin kirki suke bi ba ado ba ce: 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ko 6 ga na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki. Haka ekistenshan mai arha da ake jona wa hita da dutsen guga da firiza a lokaci guda, musamman in an bar wayarsa a naɗe, inda zafin ba shi da hanyar fita.

Sakakken ɗauri ya fi wannan ɓoyuwa. A ce an murɗa waya biyu da hannu an naɗe da leda, ko kuma noti ya saki a bayan soket, wurin ya yi tsatsa har ya samu turjiyar rabin om. Rabin om ba komai ba ne a ido. Amma in amfiya 10 tana wucewa, wat 50 ne suke taruwa a ɗigo guda. In 20 ce, wat 200. Wannan ya isa ya narkar da roba ya kama katako. Kuma fis ba zai yanke ba, bireka ba za ta faɗi ba, domin kwararar ba ta wuce ƙima ba, zafin ne kawai ya taru wuri ɗaya. Soket ɗin da ya yi baƙi a baki, ko fulogin da in ka zare shi kake jin ƙafafunsa da zafi, ko warin roba da ba a san daga inda yake fitowa ba, duk sanarwa ce. A kasuwanninmu inda rumfa ke manne da rumfa, wayoyi a sarƙe a saman atamfa da katifa, ana tashi a bar kaya a kunne saboda babu wuta, a kawo ta cikin dare ba kowa, irin wannan ɗigon zafin ya isa ya jawo asarar dukiyar shekaru.

Fis shi kansa siririyar waya ce da aka yi ta don ta riga sauran narkewa. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi yakan zo da fis na amfiya 13, wato kimanin wat 3000 a kan bolt 230. In ya yanke, yana faɗa maka ne an ja fiye da abin da wayar za ta ɗauka. Wanda ya cire shi ya cusa guntuwar waya mai kauri ko takardar alminiyam, bai gyara komai ba. Ya mayar da wurin narkewar daga cikin fulogi zuwa cikin bango.

Masu sola ma wannan lissafin ne yake cin su, sai dai ta ɗaya ɓangaren. Ana ganin batir mai bolt 12 ba shi da haɗari tun da ba ya jan mutum, sai a jona shi da inbata da duk wayar da aka samu. Amma wat 1000 a kan bolt 12 amfiya 83 ne, alhali a kan 230 amfiya 4.3 ne kawai. In aka bi da su ta waya iri ɗaya, zafin ɓangaren batir ya ninka na ɗayan fiye da sau 360. Dalilin ke nan da ya sa wayar batir take da kauri kuma gajeriya, ya sa kuma in kaya sun yi yawa ake komawa tsarin bolt 24 ko 48, inda kwararar ke sauka zuwa 42 ko 21. Batirin mota ma haka yake. Za ka dafa kawunansa biyu da busasshen hannu ba ka ji komai ba, amma in sifana ta faɗa ta haɗa su, turjiyarta kusan babu ce, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta har ta yi ja.

Jikin mutum shi ma turjiya ne, kuma dokar Ohm ba ta ware shi ba. Abin da ke kisa shi ne kwararar da ta ratsa jiki, da hanyar da ta bi, da daɗewar da ta yi. Lokacin hunturu in ka taɓa ƙofar mota ka ji tsit a yatsa, dubban bolt ne, amma wutar da ta taru kaɗan ce ƙwarai, kafin ƙiftawar ido ta ƙare. Ta soket kuwa ba ta ƙarewa. Busasshiyar fata tana iya kai turjiyar dubban om masu yawa, shi ya sa wani zai taɓa waya ya ji girgiza kawai ya tsira. Jiƙaƙƙen jiki, ƙafa ba takalmi a kan danshin siminti, turjiyar takan sauko kusan om 1000. Raba 230 da 1000, ka samu kusan rubu'in amfiya. Kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda in ya bi ta ƙirji ya isa ya rikita bugun zuciya, kuma tun kafin a kai nan tsokar hannu takan ƙanƙame ta kasa sakin wayar. Hitar nan da ake tsomawa a bokiti, a sa yatsa a ji ko ruwa ya yi zafi tana kunne, a nan haɗarinta yake.

Fis na amfiya 13 ba zai ko motsa ba don rubu'in amfiya ta bi ta jikin mutum. Shi waya yake karewa. Abin da ke kare rai shi ne wayar ƙasa, wato ƙafa ta uku ta fulogi wadda wasu ke karyewa don ya shiga soket, tare da wata irin bireka da ke gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga bambancin da ya kai kashi 30 cikin 1000 na amfiya, ta san wuta tana zurarewa ta wata hanya, wataƙila ta jikin wani, sai ta yanke nan take. Tana da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta da ake dannawa lokaci-lokaci a tabbatar tana faɗuwa. Duk mai sabon gini, ko mai sake wayarin tsohon gida, ya tambayi mai aikinsa ko ya sa ta a akwatin bireka, musamman a layin banɗaki da kicin da injin ruwa, ya kuma sa a nuna masa inda aka kafa sandar ƙarfen da wayar ƙasa ta sauka a kanta.